Wa Zai Kwana Da Ruwan Kwatar Kano?

Duk wanda ya saba bin Shahuci da sassafe, kafin 'yan kasuwar Rimi su gama buɗe rumfuna, ya san kwata ce ke riga kowa fita aiki. Ana idar da sallar asuba ruwa zai fara tsiyayowa ta ƙarƙashin katangun gidaje: na alwala, na wankan 'yan makaranta, na wanke-wanken tukwanen jiya, da tsarin gasarar masu koko. Da farko fari-fari yake, da kumfar sabulu a kansa. Kafin hantsi ya haɗu da na masu abinci da na masu wankin babura, ya ɗauki leda da ɓawon rake, ya yi duhu. Zuwa azahar ya zama baƙi ƙirin, yana tafiya a hankali kamar kunu, yana fitar da 'yan ƙananan kumfa daga ƙasa. Lungu ya miƙa wa lungu, ƙaramar kwata ta miƙa wa lambatu, mu kuma mu tsallake mu wuce harkokinmu. Da wuya ka ji wani ya tambayi inda ruwan nan zai kwana.

Mafi yawan ruwan da ke fita daga cikin birni Jakara yake nufa. Ita kuwa Jakara ta girmi ganuwa. Tarihin Kano ya ambace ta tun zamanin su Barbushe a matsayin kurmi mai baƙin ruwa da mutanen Dala ke tsoro. Da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar da ita fadama ce kwance a tsakiyar gari kusa da kasuwa, ya kuma yi ƙorafi a kan abin da take yi wa lafiyar mutane. Yau an rufe wani sashe nata da siminti, an shimfiɗa titin da ake kira Wuju-Wuju a kai, aikin da aka faro a mulkin Kwankwaso na biyu. Rufewar ta rage wari a wasu unguwanni, amma ruwan yana nan yadda yake. Yana fita daga birni, ya kwashi na Fagge da Sabon Gari, can gaba ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, su zarce tare zuwa dam ɗin Wasai a ƙasar Minjibir. A kan hanya masu lambu suna jan sa da inji suna ba latas da kabeji da karas da alayyafo. Kayan lambun nan kuma cikin gari suke dawowa. Wato abin da muka zubar da asuba a Shahuci yana iya komowa gare mu a faranti bayan 'yan makonni. A kudancin gari ma haka zancen yake: rafin Salanta na kwasar dagwalon Sharaɗa ya kai kogin Chalawa, kogin da Kano ke shan ruwansa tun farkon shekarun 1930 da aka gina matatar ruwan famfo ta farko a can.

Injiniyoyi suna da wani lissafi mai sauƙi: cikin kowace lita 10 da aka kai wa gida, kusan 8 za su fito a matsayin ruwan datti. Sabuwar matatar ruwan sha ta Tamburawa kaɗai an tsara ta ne ta riƙa tace lita miliyan 150 a rana. Idan tana aiki yadda aka tsara, ke nan wajen lita miliyan 120 na ruwan datti za su biyo baya kullum, ban da na rijiyoyin burtsatse da na 'yan garuwa, waɗanda su ne ma ke shayar da unguwanni da yawa. Duk gwamnatin da ta yi alkawarin ƙara ruwan sha, ta yi alkawarin ƙara ruwan kwata ko ba ta faɗa ba. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,500 suka rasu, Kano kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna. Ruwa ba ya tsami banza.

Saboda haka ba ni da shakka cewa wata rana Kano za ta shimfiɗa bututan kwasar ruwan datti, ta gina manyan matatunsa irin na zamani. Dole ce za ta sa. Abin da ke damuna shi ne, duk lokacin da aka tayar da wannan magana, a kan gini da injuna da biliyoyin naira ake tsayawa. Ban cika jin wanda ya tambayi su wane ne za su riƙe wurin da ƙarfe 3 na dare ba, ko wane ne zai tsaya a kansu. Alhali a nan ne matata ke rayuwa ko ta mutu.

Kalmar mutuwa a nan ba adon magana ba ce. Matatar ruwan datti ta zamani abu ne mai rai, kuma Bakano bai buƙatar a kai shi Turai kafin ya gane haka. Ya taka daga Shahuci zuwa marinar Ƙofar Mata, tafiyar 'yan mintuna ce. Marini zai zuba baba da toka da katsi a karofi, ya bar su kwanaki, ya riƙa bugawa da muciya har ruwan ya nuna. Ba ya ganin ƙwayoyin halittar da ke yi masa aiki a cikin ramin, amma ya san suna nan. Da kalar kumfa da wari yake gane ko karofi ya yi ko da saura, ya kuma san ranar da ya mutu. Idan ya mutu, a kwashe laka a busar a ƙone, ta zama katsi, ta koma cikin sabon haɗi. Magina ma sukan ɗebi katsin su haɗa da gashin jima su yi laso, su shafe soro ruwa ya daina shiga. Kakanninmu sun san abin da ya zauna a gindin rami yana da amfani.

A kan irin wannan hikima aka gina matatun yau. A 1914, a matatar Davyhulme ta birnin Manchesta a Ingila, wasu masana biyu, Edward Ardern da William Lockett, suka lura cewa idan aka hura iska a cikin ruwan datti, aka bar lakar da ta taso ta kwanta, sannan aka mayar da wannan laka cikin sabon ruwan datti, tacewar da a da ke cin makonni sai ta kammala cikin awoyi. Lakar nan taron bakteriya ce da sauran ƙananan halittu masu cinye ƙazanta. Har gobe wannan dabara ce ke riƙe da mafi yawan manyan matatun duniya. Ruwa zai fara bi ta raga a tsame leda da tsumma, ya bi ta ramin da yashi ke kwanciya, ya shiga babban tankin da ake hura iska dare da rana, ya wuce tankin da laka ke kwanciya a mayar da ita baya. Matatar da ta amsa sunan ta zamani takan ƙara da cire sinadaran naitirojin da fosfarus, waɗanda ke sa tafki ya cika da kainuwa da gansakuka, sannan ta tace ruwan ta kashe sauran ƙwayoyin cuta da kulorin ko da hasken wasu fitilu na musamman. A Nijeriya muna da misali a matatar Wupa ta Abuja, wadda ta fara aiki a 2007, aka tsara ta don dattin mutum 700,000, take kuma ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta Abuja. A Namibiya, birnin Windhoek ya kai abin matuƙa: tun 1968 yake tace ruwan datti ya mayar da shi famfo a sha, kuma sabuwar matatarsa ta 2002 tana ba da lita miliyan 21 a rana.

Tunda halittu ne ke aikin, ofaretan matata ya fi kama da makiyayi a kan direban inji. Garkensa na cikin tanki, yana buƙatar abinci da iska a kowane lokaci. Galibi ana so iskar oksijin da ke narke a tankin ta tsaya wajen miligiram 2 a kowace lita. Ta yi ƙasa, laka ta fara ruɓewa. Ta yi yawa, an ƙona wuta a banza, domin injunan hura iska su ne ke cin wajen rabin wutar lantarkin matata. Idan wuta ta ɗauke aka daɗe ba a tayar da janareta ba, garken zai fara mutuwa, kuma masu cire naitirojin, da yake suna da jinkirin hayayyafa, sai an yi makonni kafin su farfaɗo. Ruwan gari kuwa ba ya jira. Babu bawul ɗin da za a murɗa a ce wa mutanen Shahuci da Yakasai su dakata da wanka sai an gyara.

Shi ya sa ake raba aikin karɓa-karɓa: 'yan safe, 'yan yamma da 'yan dare, awa 8 kowane rukuni, ko kuma rukuni biyu masu awa 12. A kan kowane rukuni akwai shugaban duti, a kansu duka kuma akwai mai kula da ofaretoci baki ɗaya. Mutane kan ɗauka aikinsa shi ne kiran suna da rubuta wanda ya makara. Wannan shi ne mafi ƙanƙantar abin da ke wuyansa.

A duba lokacin miƙa aiki, da ƙarfe 6 ko 7 na safe. Ɗan dare ya gaji, idonsa ya yi ja, hankalinsa na gida. Ɗan safe ya shigo da sanyin jiki. A minti 15 ɗin nan ne ake yawan samun ɓaraka. Shugaba nagari ba ya yarda a yi miƙa aiki a bakin ƙofa, ana tafe ana cewa "komai lafiya". Zai sa su biyun su zaga tare. A tsaya a kan tanki a dubi kalar laka: mai lafiya ruwan ƙasa ce, tana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka. Farar kumfa mai tashi kamar ta omo na nuna garken ya yi yarinta, an zubar da laka fiye da kima. Kumfa mai duhu mai maiƙo na nuna ya tsufa. Baƙi da warin ruɓaɓɓen ƙwai na nuna iska ta gaza. Sai a ɗebo ruwan tankin a wani dogon kofin gilashi mai cin lita ɗaya, a ajiye, a duba agogo. Cikin minti 30 laka mai kyau za ta dunƙule ta sauka ƙasa, ta bar ruwa garau a sama. Idan ta ƙi sauka ta tsaya tana lilo kamar auduga, to yau akwai aiki. A taɓa jikin famfo a ji zafinsa, a saurari ƙararsa. Sannan a koma ɗaki a buɗe rajista, mai fita ya sa hannu, mai shiga ya sa hannu.

Me ya sa ido da hanci ke da wannan matsayi a wurin da ke cike da kwamfuta da ɗakin gwaji? Saboda babban gwajin da ake auna ƙazantar ruwa da shi kwana 5 yake ɗauka kafin ya ba da sakamako. Ranar da takardar za ta fito, ruwan da aka auna ya riga ya isa Wasai, ya shiga lambu. Na'urorin da ke cikin tanki kuma datti na toshe musu baki, su riƙa ba da lambar da ba ita ba idan ba a goge su ana daidaita su. Ofaretan da ya zauna gaban allo ya ga komai kore ne, bai fita ya leƙa ba, yana iya kwana da gawa bai sani ba.

Rajistar nan ita ce zuciyar maganata. Duk abin da shugaban duti ke samarwa, babu mai daraja kamar littafin da abin da ke cikinsa gaskiya ne. A watan Mayu na 2000, a wani ƙaramin gari mai suna Walkerton a ƙasar Kanada, mai mutum kusan 5,000, ruwan sama ya wanko kashin shanu ya shiga ɗaya daga rijiyoyin da ke ba garin ruwan famfo. Mutum 7 suka rasu, wajen 2,300 suka kwanta rashin lafiya. Binciken da Mai shari'a Dennis O'Connor ya jagoranta ya gano cewa ma'aikatan wurin sun shafe shekaru suna rubuta lambar kulorin a littafi ba tare da sun auna ba, kuma da ciwo ya ɓarke aka tambaye su, ba su fito da abin da suka sani a kan lokaci ba. Matatar ruwan sha ce, amma cutar ɗaya ce a ko'ina. Littafi ya cika da lambobi masu kyau, kowace rana irin ta jiya, babu wanda ya tsaya ya ce ruwa mai rai ba ya maimaita lamba ɗaya wata da watanni.

A nan sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. A wuraren aikinmu da yawa, ƙaramin ma'aikaci ya koyi cewa kai wa oga mummunan labari neman tsiya ne. Idan ɗan dare ya ce, "Yallaɓai, barci ya ɗauke ni wajen ƙarfe 2, na farka na tarar injin iska ya tsaya, ban san tsawon lokacin ba," aka tashi aka yi masa kaca-kaca a gaban 'yan uwansa, aka yanke masa albashi, to an koya wa duk rukunin darasi guda: gobe a rubuta "komai lafiya". Shugaban da ya san aikinsa zai fara da cewa, "Madalla da ka faɗa, Malam. Zo mu je mu ga tankin." A ceto garken tukuna, a rage zubar da laka, a sanar da 'yan safe abin da za su tarar. Bayan nan a zauna a bincika: dare nawa ya yi a jere? Shi kaɗai aka bari? Me ya hana ƙararrawa kaɗawa? Kuskure a gyara shi da nasiha da horo. Abin da ba a yafewa shi ne lambar ƙarya. Wanda ya rubuta abin da bai auna ba ya ci amanar mutanen da ba su san shi ba, mai lambu a Kwakwaci da yaron da zai ci latas ɗin. Shugaban da bai bambance waɗannan laifuka biyu ba zai tara ma'aikata masu ladabi da littafi mai tsabta, da kogi baƙi. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Kada kuma a ɗauka yawan na'ura zai maye gurbin wannan. A daren 9 ga Fabrairu 2017, ana tsuga ruwan sama a birnin Seattle na Amurka, wutar famfunan fitar da ruwa a matatar West Point ta sami tangarɗa, na'urorin da ya kamata su ji ruwa ya cika su rufe ƙofa suka ƙi aiki. Ƙararrawa fiye da 2,000 suka kaɗa wa 'yan dutin cikin ƙasa da awa guda, babu mai iya gane wacce ce babba. Ruwa ya cika ɗakunan injuna na ƙarƙashin ƙasa, galan miliyan 235 na ruwan da ba a tace ba ya tafi teku a kwanakin, aka kuma yi watanni ana gyara. Wannan ƙasa ce mai kuɗi da wuta. Darasin da ke ciki ga mai kula da ofaretoci shi ne atisaye. Kowane ɗan duti ya san, ba tare da ya buɗe littafi ba, abin da zai fara yi idan wuta ta ɗauke, bawul ɗin da zai murɗa da hannu, da lambar wanda zai kira. A garin da ɗauke wuta ba labari ba ne, wannan atisaye na mako-mako ne. Man janareta kuma a auna shi gaban mutum biyu a kowane miƙa aiki, don a kare mai gaskiya daga zargi, a kuma toshe ƙofa ga mai son zuciya.

Kano tana da nata ƙarin nauyi da matatun wasu garuruwa ba su da shi: fata. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima. Kamfanonin fata na Chalawa da Sharaɗa da Bompai kuwa da farar ƙasa da sinadarin salfaid suke cire gashi, su jiƙa fata a gishiri da asid, su jeme ta da sinadarin kurom. Idan irin wannan ruwa ya faɗo matata a dunƙule, yana iya kashe garken tanki a dare ɗaya. Doka ta tanadi kowace masana'anta ta fara rage dafin dagwalonta kafin ta sake shi, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ta kuma fitar da ƙa'idoji na musamman kan masaƙu da kamfanonin fata a 2009. Amma a ko'ina a duniya, mai son zubar da abin da doka ta hana dare yake jira. Ɗan dare shi ne zai fara ganin ruwa ya sauya kala, ya ji wari ya canja. Dole ya kasance yana da ikon karkatar da ruwan zuwa tankin ajiya nan take, ya ɗebi samfuri ya rubuta lokaci, ba sai ya jira oga ya farka ba. Dole kuma ya san cewa idan mai kamfani ya buga waya sama, shugabansa zai tsaya masa. Ofaretan da ya ga an yi watsi da rahotonsa sau biyu ba zai rubuta na uku ba.

Sai maganar rai. Ruwan datti na fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a rami take taruwa. Muguntarta ita ce, idan ta yi yawa takan kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta tafi, alhali lokacin ne ta fi kisa. Haɗuwar ruwan salfaid da ruwan asid na kamfanin fata na tayar da ita nan da nan. Mu a Kano mun sha jin labarin: mutum ya shiga masai ko rijiya ya faɗi, ɗan uwansa ya bi shi don ceto ya faɗi, na uku ya bi, sai 'yan kwana-kwana sun zo sun fito da gawarwaki. A matata, babu mai shiga rami sai da takardar izini mai sa hannun shugaban duti, an auna iskar ramin da na'ura, an hura masa iska, an ɗaura wa mai shiga igiya, wani na tsaye a sama. Doka mafi wuyar koyarwa ita ce ta hana mutum bin abokinsa da ya faɗi. Zuciyar Bahaushe ba ta yarda da tsayawa kallo, kuma wannan halin kirki ne. Sai an maimaita masa sau ɗari cewa ceton yana a igiya da kiran agaji, kafin ƙafarsa ta yarda ta tsaya.

Jadawalin duti ma ilimi ne, kuma wanda aka kwafo daga littafin wata ƙasa ba zai zauna a nan ba. Jikin ɗan Adam ya fi rauni tsakanin ƙarfe 3 da 5 na asuba, kuma jera wa mutum darare da yawa na tara masa gajiyar da shayi ba ya kora. Da azumi, ruwan gari kan sauya lokaci: ya yi yawa gab da buɗa-baki da lokacin sahur, daidai sa'ar da ma'aikaci ke son ya zauna. Ranar Juma'a sai an tsara wanda zai tsaya. Da Babbar Sallah jini da tumbi za su cika magudanai, bayanta fatu su cika kamfanoni. Da damina ruwan sama na awa ɗaya zai iya ninka abin da ke shigowa ya wanke laka ya fitar, da hunturu kuma sanyi ya rage wa garken kuzari. Shugaba ya raba waɗannan ranaku da adalci, a rubuce, a manne a bango tun da wuri. Ranar da ma'aikata suka lura ɗan gidan oga ba ya dutin Sallah, daga ranar littafi zai fara ƙarya. Shi ma ogan ya riƙa bayyana da tsakar dare lokaci-lokaci, ba don farautar mai barci kawai ba, don 'yan dare su san ana tune da su.

Akwai wani abu da ke ci mini rai, wato yadda muke kallon masu wannan sana'a. Masu kwasar masai da muke kira "gidan kowa da akwai" suna yi wa birnin nan aikin da in suka bari mako biyu ba mai iya zama, amma wa ke son ba su 'yarsa? Idan ofaretan matata ya gaji wannan raini, yaro mai ƙwazo ba zai zauna a aikin ba, zai nemi canji zuwa ofis. Abin mamaki, mu al'umma ce da karatunta na addini da babin tsarki yake farawa. Ɗaliban makarantar shari'a da aka buɗe a Shahuci a 1928, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sun san hukuncin ruwa na rataye ne a kan launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa. A 1978 Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta ba da fatawa cewa ruwan datti da aka tace har ya koma asalinsa ta waɗannan fuskoki ya tsarkaka, ana iya alwala da shi, har a sha idan babu cutarwa ga lafiya. Mutumin da ke kwana a tsaye don ya mayar da najasa ruwa mai tsarki, wane aiki ne ya fi nasa kusa da abin da muke karantawa? Ya cancanci albashi mai kyau, alawus ɗin dare da na haɗari a kan lokaci, takalmin roba da safar hannu, allurar rigakafi, wurin wanka da sabulu kafin ya koma cikin iyalinsa.

A ƙasashen da suka daɗe a harkar, ba a barin mutum ya riƙe duti sai da lasisi mai matakai, kuma girman matata ke nuna matakin da shugabanta zai kai. Mu ma muna da inda za mu faro. Ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando ta Kaduna, ga Jami'ar Bayero da ta Wudil, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, ga Makarantar Koyon Tsabta ta Kano da ta daɗe tana yaye duba-gari. Ga kuma tsofaffin ma'aikatan matatun ruwan sha na Chalawa da Tamburawa da Watari, waɗanda suka san ƙarar famfo mai ciwo tun daga nesa, da yawansu suna gab da ritaya da iliminsu a ka. Gina matata na iya cin shekara 3, amma samar da shugaban duti da zai kalli kumfa ya faɗi abin da zai faru jibi ya fi haka daɗewa. Tun ran gini ran zane.

Kirana ga Ma'aikatar Muhalli da ta Albarkatun Ruwa ta Jihar Kano da 'yan majalisarmu shi ne, duk ranar da za a sa hannu a kwangilar matatar ruwan datti, a cikin takardar a rubuta adadin ofaretoci da shugabanninsu, da kuɗin horar da su, da kuɗin gudanarwa na shekaru, kafin a zuba bulo na farko. A ɗebi matasa daga unguwannin da ruwan nan ke ratsawa, daga Shahuci har Gama, a tura su Wupa su yi dutin dare na wata shida tun yanzu, su dawo a ba su littafi da biro da ikon rubuta abin da idonsu ya gani.